Shin Cewa "Sai Haƙuri" Ya Sauke Mana Nauyin Tsoho Mai Doguwar Jinya?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya rayuwar ɗan Adam ta soma da buƙatar wani, ta kuma ƙare da buƙatar wani. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, akwai wata kalma da ta fi kowace saurin fita daga bakinmu idan muka shiga ɗakin tsoho maras lafiya, ita ce "sai haƙuri". Kalma ce mai kyau, asalinta cikin addini yake, kuma iyayenmu sun ce haƙuri maganin zaman duniya. Amma sau da yawa ana faɗinta ne a tsaye, hannu ɗaya na riƙe da labulen ƙofa, mai faɗin yana sauri ya koma harkarsa. Tambayar da muke son mu tsaya a kanta ita ce wannan: idan mun ba tsoho abinci, mun saya masa magani, mun ce ya yi haƙuri, shin mun sauke nauyin da Allah Ya ɗora mana game da shi, ko kuwa da sauran bashi?

Ciwon da ya zo zama

Akwai ciwon da ke zuwa baƙunta, kamar masassara ko gudawa: ko dai ya tafi cikin ƴan kwanaki, ko ya tafi da mai shi. Akwai kuma ciwon da ke zuwa zama, kamar hawan jini, da ciwon sukari, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon ƙoda, da ciwon gaɓoɓi, da dushewar gani. Irin wannan ba a warkewa daga gare shi sarai, sai dai a yi ta lallaɓa shi shekara da shekaru.

Al'adarmu ta gaisuwar maras lafiya an gina ta ne bisa ciwo na farko. Makon farko gida cike yake, ana ta shigowa da fura da kunu da addu'a. Bayan wata guda sai ƙafa ta ɗauke. Bayan shekara sai a saba, har in an tambaya a ce: "Ai jikin ne, kun san tsufa." Daga nan tsoho ya zama kamar wani tsohon turmi da aka jingine a lungun gida, ba a yar ba, ba a kuma amfani da shi.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna mutanen Nijar sun haura miliyan 17, kusan rabinsu yara ne da ba su kai shekara 15 ba, waɗanda suka kai 60 kuwa ba su cika biyar cikin ɗari ba. Saboda haka hankalin hukuma da na ƙungiyoyi ya fi karkata ga mata masu ciki da ƙananan yara, kuma tun 2006 aka soma tsarin magani kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar. Wannan abu ne mai kyau. Amma ƙarancin tsofaffi a lissafi bai rage musu haƙƙi ba ko kaɗan a wurin Allah.

Abin da doguwar jinya ke ƙwacewa

Lokotoro yana auna jini, yana auna sukari, ya rubuta takardar magani. Amma akwai asarar da ba ta hawa ma'auni. Mu dubi dattijon da ya yi shekara arba'in yana sahun farko, yau ƙafa ta ƙi kai shi masallaci, yana jin kiran salla daga kan tabarma. Mu dubi wanda ya saba zama kasuwa ana neman shawararsa a kan farashin gero da na bisashe, yau ana sayar da ragon gidansa sai bayan kwana uku ya ji. Mu dubi tsohuwar da ta aurar da ƴaƴa ta karɓi haihuwar jikoki, yau sai an ɗaga ta an kai ta bayan gida, jikar da ta goya ce ke ganin tsiraicinta. Mu dubi wanda ya ciyar da gida duk rayuwarsa, yau sai ya roƙi ɗansa jika biyu na magani, yana kallon fuskar ɗan ko za ta canja.

Waɗannan duka asara ce ta matsayi da mutunci, kuma ita ce ke cin zuciya a hankali. Ga kuma kaɗaici. Ana iya zama cikin gida mai mutum ashirin, amma a wuni ba wanda ya yi maka maganar da ta wuce "ga abinci". Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na tsofaffi suna fama da kaɗaici ko yankewa daga jama'a, kuma kimanin 14 cikin ɗari na waɗanda suka kai shekara 60 suna ɗauke da wata cuta ta zuciya ko ta ƙwaƙwalwa, mafi yawa ciwon damuwa da fargaba. Likitoci sun tabbatar kuma cewa kimanin mutum ɗaya cikin uku na waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye yana faɗawa cikin ciwon damuwa, kuma mai ciwon sukari ya fi wanda ba shi da shi kusantar wannan hali. Zuciyar da ta karaya kuwa ita ce ke sa mutum ya daina shan magani, ya daina kiyaye abin da aka hana shi ci, sai ciwon jiki ya ƙaru, damuwa ta ƙaru, kowanne yana hura wa ɗaya wuta.

Baƙin ciki raunin imani ne?

Nan ne tushen maganar. Mutane da yawa, idan suka ga tsoho yana hawaye ko yana kokawa, sai su ce masa: "Haba Baba, kai da ya kamata ka yi mana wa'azi!" Ma'anar maganarsu ita ce mai imani ba ya baƙin ciki. Sai tsoho ya haɗiye abin da ke ransa, ya ƙara kunya a kan ciwo.

Wannan fahimta ba ta dace da abin da Alƙur'ani ya ba mu labari ba. A Suratu Yusuf, aya ta 84 zuwa ta 86, Annabi Yaƙubu, yana tsoho, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, ƴaƴansa suka zarge shi a kan yawan tunawa, shi kuwa ya sanar da su cewa ga Allah yake kai kukansa. Allah bai zarge shi ba, hasali ma shi ne aka san shi da kyakkyawan haƙuri. A Suratul Anbiya, aya ta 83, Annabi Ayyuba, wanda ake buga misali da haƙurinsa, ya ambaci cutar da ta same shi a gaban Ubangijinsa. Kuma Buhari ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Saboda haka malamai suka bambanta tsakanin fushi da hukuncin Allah, wanda shi ne abin zargi, da jin zafi da faɗinsa ga wanda zai taimaka, wanda ba ya ɓata haƙuri. Maras lafiyar da ya ce wa ɗansa "na gaji, ina jin tsoro" bai fita daga sahun masu haƙuri ba.

Malaman Musulunci na farko sun san cewa zuciya tana ciwo kamar yadda jiki ke yi. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 322 bayan Hijira, wato 934, ya rubuta littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfus a kan gyaran jiki da rai. A ciki ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san dalilinsa, kamar rashin masoyi ko dukiya, da wanda ke saukar wa mutum ba tare da wani dalili na fili ba, ya hana shi walwala. Ya nuna cewa na biyun yana da alaƙa da jiki, yana buƙatar magani tare da magana mai daɗi da zama da mutane. Haka nan Buhari ya ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, takan sa a dama talbina, wani irin kunu mai laushi, ga maras lafiya da wanda aka yi wa rasuwa, saboda ta ji daga Manzon Allah cewa yana sanyaya zuciya. Ashe kula da zuciyar maras lafiya gadonmu ne tun kafin a san shi a makarantun likita na zamani.

Hujjoji biyu da ake kawowa

Wani zai ce: ai ciwo kankarar zunubi ne, kuma ladan yana cikin haƙuri, to me ya sa za mu damu da damuwarsa? Amsa ita ce, jarrabawa guda ce amma takardun biyu ne. Takardar maras lafiya ita ce haƙuri, shi za a tambaya a kanta. Takardarmu ita ce abin da muka yi masa. Muslim ya ruwaito hadisi ƙudusi inda Allah zai tuhumi bawa ranar Alƙiyama a kan bawansa da ya yi rashin lafiya bai je gaishe shi ba, Ya sanar da shi cewa da ya je da ya sami Allah a wurinsa. Wanda ya ce wa tsoho "sai haƙuri" ya juya baya, ya karanta wa tsohon takardarsa ne, ya bar tasa ba amsa.

Wani kuma zai ce: wannan magana ta masu hali ce, mu da ke neman na tuwo ina muka ga lokacin zama hira, ga samari duk sun tafi biɗa? Wannan hujja tana da nauyi, ba ma raina ta. Garuruwa da yawa a jihar Tawa da Damagaram da Maraɗi kan wofinta da rani, matasa na Najeriya ko Libiya ko Aljeriya ko Abijan, kuma kuɗin da suke aikowa shi ne ke sayen maganin. Ɗan da ya tafi nema domin iyayensa yana cikin biyayya. Amma mu lura, abin da ya fi tsada cikin jinya shi ne magani, abin da ya fi araha kuwa shi ne zama da sauraro, kuma shi ne aka fi yin rowarsa. Wanda ke da salula a hannu, yana iya wuni yana kallon hotuna a cikinta, ba shi da uzurin yin wata guda bai ji muryar mahaifiyarsa ba. Kuma in ɗa ya yi nisa, maƙwabci yana kusa. Suratul Isra'i, aya ta 23 da ta 24, da ta zo kan iyaye idan tsufa ya riske su, abin da ta ambata shi ne harshe da hali: ta hana ko da ƙaramar kalmar ƙosawa, ta hana tsawa, ta yi umurni da magana ta girmamawa da ƙanƙan da kai da addu'a. Duk waɗannan talaka yana da ikonsu daidai da mai kuɗi.

Abin da ya hau kanmu

Na farko, sauraro. A zauna, a ajiye salula, a tambayi tsoho abin da ke damunsa, sa'an nan a yi shiru. Kada a katse shi da wa'azi tun bai ƙare ba. Idan ya ce "gara mutuwa da wannan", gaskiya ne hadisi ya hana fatan mutuwa saboda wata cuta, amma tsawa ba za ta cire abin daga ransa ba, sai dai ta rufe masa baki. A tambaye shi abin da ya kai shi ga faɗin haka. Sau da yawa za a tarar ciwon dare ne da ba ya faɗi, ko tsoron ya zama kaya, ko wata magana da ya jiyo ta bayan zana. Kuma a tuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka haura shekara 60 suna da raunin ji mai tsanani, in ji OMS. Wani shirun da ake ɗauka fushi ne, kunne ne kawai. A matso kusa, a fuskance shi, a yi magana a hankali.

Na biyu, a bar masa matsayinsa. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, amma Manzon Allah ya sa shi ladanci tare da Bilal, ya kuma bar masa riƙon Madina sau da dama idan zai yi tafiya. To tsohon da ƙafa ta gaza, kansa bai gaza ba. A kawo masa maganar aure da ta gona kafin a yanke, a sa jikoki su yi tilawa a gabansa, a bar tsohuwa ta tsince wake ko ta riƙe makullin rumbu in tana so. Haka nan a gidan likita, kada a yi ta magana a kansa yana zaune kamar ba ya nan. Jikinsa ne, yana da haƙƙin ya san sunan ciwonsa da dalilin kowace ƙwaya.

Na uku, a sanar da shi sauƙin da shari'a ta yi masa, domin da yawa daga baƙin cikin tsofaffinmu tsoro ne na cewa ibadarsu ta lalace. Imrana ɗan Husaini yana fama da basur ya tambayi Manzon Allah game da salla, aka ba shi izinin yi a zaune in ya kasa tsayuwa, ko a kishingiɗe in ya kasa zama. A mazhabarmu ta Malikiyya, yoyon fitsarin da ke lizimtar mutum rabin lokaci ko fiye ba ya karya alwala. Dattawa nawa ne suka ƙaurace wa jam'i saboda kunyar wannan, ba wanda ya gaya musu? Haka azumi: Risala ta Ibn Abi Zaid ta nuna tsohon da ya kasa yana da damar ya sha, an so ya ciyar da mudun Annabi guda a kan kowace rana. Anas ɗan Malik da kansa, da ya tsufa, ciyarwa ya riƙa yi. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allura, idan ya matsa wa kansa da azumi cikin zafin bazara, sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma. Liman da lokotoro su haɗa baki su gaya masa cewa karɓar sauƙin Allah ibada ce.

Na huɗu, masallaci ya bi wanda ya daina zuwa. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Itbanu ɗan Malik, da ganinsa ya yi rauni, ya roƙi Manzon Allah ya zo ya yi salla a gidansa. Manzon Allah ya je tare da Abubakar, mutanen unguwa suka taru, aka yi salla aka ci abinci. Kuma ranar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan Hijira, da Abubakar ya kawo mahaifinsa Abu Ƙuhafa, tsoho makaho, Manzon Allah ya nuna da an bar dattijon a gida shi ya je wurinsa. Zumunta a ƙafa take. Kowane masallaci ya san wanda gurbinsa ya wofinta a sahu. Me zai hana a rubuta sunayensu, a raba kwanaki, mutum biyu su riƙa zuwa bayan La'asar, mata kuma su je wa mata? Samarin da ke zaman fada suna shan shayi har dare, da za su ɗauki butarsu su kafa ta a ƙofar wani dattijo sau ɗaya a mako, da sun sami lada da tarihin garinsu a zama guda. Batun kuɗin magani kuwa, matan Maraɗi sun riga sun nuna hanya tun 1991 da asusun Mata Masu Dubara, inda ɗan abin da ake zubawa kowane mako yake zama jari. Jama'ar masallaci ba za su kasa yin irinsa domin marasa lafiyarsu ba.

Na biyar, a san lokacin zuwa likita. Idan tsoho ya yi mako biyu ko fiye ba barci, ba cin abinci, ba sha'awar abin da ya saba so, yana ƙin magani ko yana yawan ambaton mutuwa, a kai shi a faɗa wa ma'aikacin lafiya wannan a fili, kamar yadda ake faɗin ciwon ƙafa. Ciwon damuwa yana da magani, kuma neman maganinsa ba hauka ba ne. Haka tsohuwar da ta soma mance sunan ƴaƴanta, tana fita da dare tana sambatu. Wannan cutar mantuwa ce ta ƙwaƙwalwa, wadda OMS ta ce mutum miliyan 57 ke ɗauke da ita a duniya a shekarar 2021, kuma Suratun Nahli, aya ta 70, ta ambaci wanda ake mayarwa ga ƙarshen tsufa har ilminsa ya kuɓuce masa. Jifar irin wannan baiwar Allah da maita zalunci ne babba, kuma wajibi ne malamai su faɗi haka a kan mumbari.

Akwai darasi daga ƙasar Zimbabuwe. A 2006 wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Dixon Chibanda, ganin ƙarancin likitoci irinsa, ya soma koya wa tsofaffin mata yadda za su zauna a kan benci a harabar gidajen likita na birnin Harare, su saurari masu damuwa, su taimake su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya. Binciken da aka buga a 2016 a kan mutum 573 ya nuna cewa bayan wata shida, kimanin 14 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka zauna da kakannin ke da sauran alamun ciwon damuwa, alhali a ɗaya rukunin kusan rabi ne. Abin lura a nan shi ne, tsofaffin su ne suka zama magani. Dattijon da muke ɗauka kaya ne, wataƙila shi ne ya fi kowa iya sauraron wani dattijo.

Haƙƙin mai ɗawainiya

Ba za mu rufe ba sai mun ambaci wadda ake mantawa. A mafi yawan gidaje, mai wanke tsoho da juya shi da kwana a farke mace ce: matarsa, ko ƴarsa, ko matar ɗansa. Ɗan yakan leƙo da safe ya ce "ina kwana Baba", ya fita, a gari kuma shi ake yaba wa da biyayya. Mu sani malaman fiƙihu da yawa sun bayyana cewa hidimar surukai ba wajibi ba ce a kan matar ɗa, kyautatawa ce daga gare ta, wajibin yana kan wanda aka haifa. Mace da ta gaji, ba hutu, ba godiya, wata rana harshenta zai yi kaifi, tsoho ya ji, zuciyarsa ta ƙara karaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƴan'uwa su raba kwana, namiji ya wanke mahaifinsa da hannunsa domin ya fi suturta shi, a ba mai ɗawainiya ranar hutu, a gode mata a gaban mutane.

To, ya ƴan'uwa, amsar tambayarmu ta fito. Abinci da magani wajibi ne, amma ba su ne dukan bashin ba. "Sai haƙuri" tana da daraja idan ta fito daga bakin wanda ya zauna, ya saurara, ya kuma dawo gobe. Kowannenmu ya san wani dattijo ko wata dattijuwa da ya daɗe bai gani ba a masallaci ko a wurin suna. Kada Juma'a mai zuwa ta riske mu ba mu yi sallama a ƙofarsa ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sanya abin da ya same su ya zama kankarar zunubi, Ya ji ƙan iyayenmu da suka riga mu, Ya ba mu ikon kyautata wa waɗanda suka rage, Ya kuma haɗa mu da masu tausaya mana ranar da ƙarfinmu zai ƙare. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.